Yadda Ake Mayar da Ma'aikaci Bakin Aikinsa Bayan Rauni ko Jinya

Duk mai injin niƙa ko na casar shinkafa, da mai gidan bulo, da mai gareji, da manomin da ke ɗaukar 'yan ƙwadago a Kadawa, Kura, Auyo ko fadamun Haɗejia, ya san irin wannan rana. Bel ya fizgi yatsun yaro, amalanke ta kife da mai korar ta, ɗan dako ya sunkuci buhu bayansa ya ce ƙas. Wani lokaci ma babu haɗari, tari ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa har aka auna aka ce tarin fuka ne. A ranar farko kowa mai kirki ne: a kwashi mutum zuwa asibiti, a je dubiya da lemo da ayaba, a ce Allah ya sa kaffara ce. Daga mako na uku zuwa wata na uku ake rasa mutum. Ko dai yunwa ta koro shi bakin aiki ƙashi bai gama kamawa ba ya sake karyewa, ko kuwa a yi ta ce masa "huta tukuna" har wani ya zauna daram a gurbinsa, jikinsa ya mutu, zuciyarsa ta bi, a wayi gari ƙwararren bakanike yana zaune a inuwar masallaci yana jiran abin da Allah zai kawo.

Wannan bayani na maigida ne da farko, domin gurbin a hannunsa yake. Amma matar majinyaci, da yayansa, da shugaban ƙungiyar da yake ciki, kowa zai tsinci nasa. Komawa aiki tun a makon da abin ya faru ake fara shirinta, kuma hawa-hawa ake yin ta.

Mataki na farko: magani na gaskiya, sannan takarda

Idan karaya ce, ko ana zaton ita ce, a fara da hoto. Akwai gidajen da suka gaji ɗori kaka da kakanni, kuma mutanenmu ba za su daina zuwa wurinsu ba, amma hannu ba ya ganin abin da hoto ke gani. Karayar da ƙashi ya huda fata, karayar cinya ko ƙugu, wadda ta shiga cikin gaɓa kamar gwiwa, da duk wani bugu a wuya ko gadon baya, waɗannan na asibiti ne kai tsaye. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959 don wannan aiki. A Jigawa akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu da asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, kuma babban asibitin ƙaramar hukuma zai rubuta takardar tura mutum can. In an riga an yi ɗori a gida, a sa ido a kan yatsu. Da zarar sun yi sanyi, sun yi baƙi ko fari fat, ba sa jin taɓi, ko zogi yana ƙaruwa maimakon raguwa, to ɗaurin ya tare jini. A sassauta a kama hanya a daren, kada a jira gari ya waye. Hannaye da ƙafafu da yawa da aka yanke, matsewar ɗauri ce ta ci su.

Yankan lauje, saran fartanya, ko ƙusa mai tsatsa, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu a je a yi allurar tetanus. Saran maciji a gona, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A hana gaɓar motsi a ɗauki mutum zuwa inda ake da allurar dafin. Wanda maganin feshi ya buga, a cire masa kayan jikinsa a wanke shi, a tafi asibiti da galan ɗin maganin a hannu don likita ya karanta abin da ke ciki.

A ranar nan kuma, ko da hankali a tashe yake, a sami wanda zai rubuta abu huɗu a littafin lissafi: ranar da abin ya faru da lokacin, aikin da mutumin yake yi, yadda ya faru, da waɗanda suka gani. Boko ko ajami, duk ɗaya ne. A ɗauki hoton wurin da waya. Katin asibiti, rasit na magani, da hoton ƙashi a haɗa su a leda ɗaya a ba mutum ɗaya ajiya. Yau babu mai musu, amma bayan wata huɗu, lokacin da kuɗi suka fara nauyi, kowa da yadda zai tuna.

Mataki na biyu: a gama maganar kuɗi kafin sati ya zagayo

Nan ne gizo ke saƙa. Majinyacin da bai san me iyalinsa za su ci jibi ba, babu likitan da zai iya zaunar da shi. Kunya ce ke hana mu wannan magana, maigida yana ganin kamar zai yi ciniki a kan ciwo, majinyaci yana ganin kamar roƙo ne. A ture kunyar. A zauna da shi da wani babba daga danginsa da shaida ɗaya, liman ko mai unguwa ko shugaban ƙungiya, a tsayar da abu uku: wa zai biya kuɗin magani, me za a riƙa kai wa gidansa kowane mako, kuma har yaushe za a riƙe masa gurbinsa.

Kalmomin da za su fito daga bakin maigida suna da nauyi fiye da yadda yake zato. Idan dattijo ne, ka ce masa: "Baba, gurbinka yana nan. Yaron da na sa riƙon ƙwarya yake yi, kuma na faɗa masa haka. Duk Juma'a za a kawo abin cefane, kai dai ka bi abin da likita ya ce." Wannan ta fi "kada ka damu, Allah na nan" kwantar da hankali, domin tana da rana kuma tana da adadi. Kuma ka yi alkawarin abin da za ka iya cikawa. Ƙaramin abu da ke zuwa duk mako ya fi babban abin da ya zo sau biyu ya ɗauke.

Doka ma ta yi magana, ko da yake a karkara ba kasafai ake jin muryarta ba. Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun rashin lafiya da albashinsa har kwana 12 na aiki a shekara, matuƙar likita ya tabbatar. Sai kuma Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda NSITF, hukumar asusun inshorar ma'aikata, ke gudanarwa. Maigida ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata, daga aljihunsa, domin dokar ta hana a cire daga albashin ma'aikaci. Wanda ke biyan ma'aikatansa naira 300,000 a wata gaba ɗaya, naira 3,000 ke nan. Daga wannan asusu ake biyan magani, da diyyar nakasa, da koya wa wanda ya nakasa wata sana'a. Dokar ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo, kuma ta haɗa da haɗarin da ya faru a hanyar zuwa aiki ko komawa gida. Tana da wa'adi: ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da maigida cikin kwana 14, maigida ya sanar da hukumar cikin kwana 7. Duk mai masana'antar shinkafa ko gidan bulo da ke da ma'aikata na dindindin, ra'ayina shi ne ya je ofishin NSITF a Kano ko Dutse ya yi rajista tun lafiya lau. Yatsu uku da inji zai cinye sun fi kuɗin shekara goma.

Ga mafi yawanmu kuwa, da ke ɗaukar ƙwadago na wuni ko na kaka, abin da ke hannu shi za a juya. Idan majinyaci yana cikin adashi, a roƙi uwar adashi ta matso masa da kwasarsa. Idan damina ce, a yi masa gayya a nome gonarsa, domin gonar da ciyawa ta cinye a watan Yuli yunwar shekara guda ce, kuma tunaninta kaɗai ya isa ya fitar da mai karaya da fartanya. Maigida zai iya ba da hatsi maimakon kuɗi, kwano kaza a mako, wanda ya fi sauƙi a gare shi kuma ya fi tsayawa a tukunya. Ƙungiyoyin 'yan dako, 'yan acaɓa da direbobi suna karɓar kuɗin tikiti kullum, kuma wannan ce ranar da ya kamata a tambayi shugabanni ina amfaninsu. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, masarautun Jigawa suna da kwamitocin zakka, majinyacin da ciwo ya talauta yana da haƙƙi a wurinsu.

Wani abu da ya kamata maigida ya sa wa ido: tiramol. Yaron da ya dawo da wuri yana aiki kamar babu abin da ya same shi, idonsa jawur, sau da yawa ƙwaya ce ke ɗauke da shi. Ba ta warkar da komai, tana toshe kunnen mutum ne daga jin abin da jikinsa ke faɗa masa, ya yi ta lalata raunin bai sani ba, daga ƙarshe ya tashi da ciwo biyu.

Mataki na uku: a koma wurin likita da tambayoyin da suka dace

Tambayar da kowa ke yi ita ce "Likita, yaushe zai warke?" Amsarta ba ta da amfani sosai ga mai neman tsara aiki. Likita bai san me ake yi a injin casa ba, sai an faɗa masa. Wanda zai raka majinyaci ya bayyana aikin dalla-dalla: buhun taki da na siminti kilo 50 ne, na hatsi yakan kai 100, ana tsayuwa awa kaza, ana sunkuyo, ana hawa bayan mota, akwai ƙura. Sannan ya tambaya: kilo nawa zai iya ɗagawa yanzu? Zai iya taka ƙafar, ko sai da sanda? Awa nawa zai iya tsayuwa? Zai iya hawa babur, a matsayin fasinja ko matuƙi? Maganin da yake sha yana sa barci ko jiri? Wace alama ce in an gani za a dakata a dawo? A roƙi likita ya rubuta amsoshin a takarda.

A ƙiyasi, karayar wuyan hannu a babban mutum takan yi kusan mako shida a filasta. Ƙwauri da cinya kuwa watanni suke ci, daga uku zuwa shida kafin a yi maganar ɗaukar kaya mai nauyi. Ranar da aka cire filasta ba ita ce ranar warkewa ba: naman wurin ya zube, gaɓa ta sandare, ƙarfin sai an nemo shi. Aikin masu gashin ƙashi ke nan, waɗanda ke Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da manyan asibitocin jiha. Mutumin ƙauye ba zai iya zuwa birni sau uku a mako ba, kuɗin mota kaɗai zai kayar da shi. Abin yi shi ne a je sau ɗaya da wani yaro mai natsuwa daga gidan, a roƙi mai gashin ya koya masa motsin da za a riƙa yi safe da yamma, a ɗauka a waya, sannan a riƙa komawa duk bayan mako biyu ko uku a duba ci gaba.

Mataki na huɗu: a farfasa aikin

A idonmu aiki dunƙule yake: wane ɗan injin niƙa ne, ko ya iya ko bai iya ba. Amma zauna ka lissafa abin da ake yi a injin daga safe zuwa magariba. Akwai tayar da inji da hannu, akwai ɗaga buhu a juye, akwai tsayuwa a bakin mazubi, akwai karɓar kwanuka da jera su bisa layi don kada mata su yi faɗa, akwai awo, karɓar kuɗi da ba da canji, rubuta bashi, sauraren ƙarar inji don a gane in wani abu ya kwance, sayo man dizal. Mai karaya a hannu ɗaya ba zai taɓa ukun farko ba, amma sauran duk zai iya, kuma wanda ya shekara takwas a wurin ya fi sabon yaro sanin wace mata ce ke biyan bashi.

A gona haka abin yake. Wanda ba zai iya huɗa ko sunkuyon noma ba, zai iya kula da injin ban ruwa a noman rani, ya buɗe wannan kwami ya toshe wancan, ya tsare gonar shinkafa daga jan baki, ya ƙirga kwandunan tumatir a bakin mota, ya zaɓi iri, ya tsaya a kan 'yan ƙwadago ya ga an yi aikin da aka biya. A gidan bulo akwai ban ruwa da tiyo, ƙirgar bulo, da rubuta lodin yashi. A gareji, tsohon bakanike mai ciwon baya yana zaune a benci zai iya gyara kafireto, ya faɗa wa yara abin da za su kwance a ƙarƙashin mota. Da tsohuwar zuma ake magani. Ɗan dako a Dawanau ko kasuwar Maigatari zai iya ɗinkin bakin buhu, ko riƙe littafin lodi in yana da karatu.

Sai dai aikin ya zama na gaske. Idan ka ajiye mutum a kujera don tausayi kawai, shi ya sani, abokan aikinsa sun sani, kuma cikin mako biyu zai daina zuwa. Ka ba shi abin da in bai yi ba za a ji a jika. Kuma ka tambaye shi kafin ka yanke: "Malam, a cikin waɗannan wanne kake ganin za ka iya?" Shi ya san jikinsa, kuma abin da mutum ya zaɓa da bakinsa ya fi riƙe shi.

Mataki na biyar: hawa-hawa

Ko san huɗa da ya yi rani a ɗaure ba a kai shi ya wuni a gona ranar ruwan farko, balle mutum. Tsarin da ya fi sauƙin bi shi ne a fara da awa biyu zuwa uku na aiki marar nauyi, kwana uku a mako. In mako ya wuce lafiya, a koma rabin wuni kullum. Daga nan sai cikakken wuni, har yanzu babu nauyi. Nauyi shi ne na ƙarshe, shi ma da kaɗan-kaɗan: bokiti, rabin buhu, buhu da mutum biyu, sannan buhu shi kaɗai idan likita ya yarda. Kada a ƙara awa da nauyi a mako ɗaya, domin in ciwo ya tashi ba za a san wanne ya tayar da shi ba.

Ma'aunin shi ne washegari da safe. Gajiya da ɗan tsami da suka tafi bayan barci ba komai ba ne, alamar jiki yana dawowa ce. Kumburi, zafi a wurin raunin, ɗingishin da ya ƙaru, ko ciwon da ya hana barci, waɗannan na nufin a koma matakin baya na mako guda. Komawa baya ba faɗuwa ba ce, kuma a faɗa masa haka tun farko, domin namiji a gaban sa'o'insa zai gwammace ya cije ya ɓoye. Saboda haka kada ka tambaye shi a gaban mutane. Ka ja shi gefe ranar Alhamis ko Juma'a, minti biyar sun isa.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40, wanda ya tashi daga jinya ya yi aikinsa daga asuba zuwa hantsi ya tafi inuwa. In azumi ya riske shi yana shan magani mai ƙa'idar lokaci, ya tambayi likita ya tambayi malami. Addini ya ba marar lafiya rangwame ya rama daga baya.

Ladan wannan lokaci ma a tsayar da shi tun kafin a fara, rabin wuni nawa, cikakken wuni marar nauyi nawa, kuma tallafin mako ya riƙa raguwa daidai da yadda lada ke ƙaruwa. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne kada mutum ya ga zaman gida ya fi masa fitowa riba, kada kuma a yanke tallafi a ranar da ya fara leƙowa.

Cututtukan da ke da nasu hukuncin

Ciwon baya shi ya fi yawa a masu aikin ƙarfi, kuma kuskuren da ake yi shi ne kwanciya. Bayan kwana ɗaya ko biyu, tafiya da ƙaramin aiki sun fi katifa magani, kuma yawancinsa yakan lafa cikin mako shida. Amma idan ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ko bayan gida ya ƙi riƙuwa, ko tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, a tafi asibiti a ranar.

Tarin fuka maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, wata shida ake sha. Bayan 'yan makonni da fara shi yadda ya kamata, haɗarin yaɗa cutar yakan ragu ƙwarai, ma'aikacin lafiya zai faɗi ranar da mutum zai iya shiga jama'a. Babu dalilin korarsa. Haɗarin yana wata na biyu, lokacin da ya ji garau ya ajiye magani, ko ya ɗauki jaka ya tafi ci-rani. Maigida ya ba shi ranar karɓo magani ba tare da yanke lada ba, ya kuma nisanta shi da ƙurar niƙa da sussuka har ƙirjin ya washe.

Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓi, kuma mai shan maganinsa kullum yana aiki kamar kowa. A raba shi dai da rijiya, kogi, wuta, hawa sama, buɗaɗɗen inji da tuƙi. Mai shanyewar ɓarin jiki, watanni uku zuwa shida na farko su ne lokacin da jiki ya fi dawowa, don haka kada a ɓata su a ɗaki, kuma maganin hawan jini ba a ajiye shi don an ji sauƙi. Mai ciwon siga ya sa rufaffen takalmi a gona, ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, a bar shi ya ci abinci a kan lokaci.

Mata ma ma'aikata ne, ko da aikin a tsakar gida ake yinsa: masu turara shinkafa, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, masu tsinkar zoɓo da barkono. Wadda aka yi wa tiyatar haihuwa tana bukatar kusan mako shida ba daka, ba jan guga, ba ɗaukar tulu. Wadda aka yi wa aikin yoyon fitsari, a Jahun ko a asibitin Murtala a Kano, watanni uku ake ce mata ta kauce wa aikin ƙarfi. A nan miji da uwar miji su ne maigida, kuma su ne za su raba aikin. Za ta iya awo, ƙulla kaya a leda, da riƙe kuɗin ciniki, don kada masu sayenta su koma wani gida.

Akwai kuma raunin da hoto ba ya nunawa. Yaron da inji ya ci wa yatsu yakan ji gabansa ya faɗi da zarar an tayar da shi. Ba ragwanci ba ne. A bar shi ya fara daga nesa, ya matso da kansa. In ya daina barci, ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa mutane, ko ya fara cewa gara mutuwa, kada a tsaya ga nasiha kaɗai, akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau da Kazaure.

Abokan aiki, da abin da ya jawo raunin

Tun ranar da ka ɗauki mai riƙon ƙwarya ka faɗa masa iyakarsa, in da hali ka nema masa wani gurbi kafin mai wurin ya dawo. Sauran ma'aikata za su yi gunaguni cewa suna ɗaukar buhu wani yana zaune. Ka tara su ka faɗa musu wa'adin, ka kuma ce duk wanda haka ta same shi haka za a yi masa. Sunayen tsokana irin su gurgu ko mai hannu ɗaya, ka kashe su tun a bakin farko. In maigida ya yi dariya sau ɗaya, sunan ya zauna. Sirrin ciwon mutum kuwa nasa ne, abin da za a faɗa wa mutane shi ne aikin da zai yi da wanda ba zai yi ba.

Kafin ya dawo, a gyara abin da ya ji masa ciwo. Mai walda zai yi wa bel murfi da ragar ƙarfe a wuni ɗaya. A hana aiki a bakin inji da riga mai faɗin hannu ko rawani mai jela. A sa katako a bayan mota a riƙa turo buhu maimakon sunkuta, a sayi baro, a sayi takalmin ruwa don masu girbin shinkafa.

Idan tsohon aikin ya gagara

Wani raunin ba ya barin a koma. Idan likita ya tabbatar da haka, a faɗa wa mutum gaskiya da wuri, kada a yi ta ja masa rai. A duba ko akwai gurbi na dindindin a cikin sassan aikin da aka farfasa. In babu, a taimaka masa ya kafa abin da jikinsa zai ɗauka kuma garin ke bukata: cajin waya da sola, POS a ranar kasuwa, sayar da iri da taki a ƙananan ƙulli, awon hatsi, kiwon awaki ko turkar rago, ɗinki, gyaran waya. Jari a ba shi kaya a hannu tare da wanda zai koya masa, domin tsabar kuɗi a gidan da aka daɗe ana jinya bashi ne zai lashe su cikin mako guda. Wanda aka yanke wa ƙafa, a Dala akwai sashen da ke yin ƙafar roba, kuma ana fara maganarta ne da zarar dungun ya warke. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta hana a ƙi ɗaukar mutum aiki saboda nakasarsa, ta kuma ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati.

In kuwa an saɓa a kan diyya ko alkawari, a fara da shaidun da suka zauna a makon farko, sai mai unguwa da dagaci, ko ofishin Hisba don sulhu. Idan abin ya fi ƙarfinsu, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a kowace jiha, akwai hukumar da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano. Mai neman diyya daga NSITF ya shigar da takardarsa cikin shekara ɗaya daga ranar da abin ya faru, ya tafi da ledar nan mai katin asibiti da rasit da hoton ƙashi, da kwafin shafin da aka rubuta a littafin lissafi.